Sawun Guduma a Munduwar Ummu Salim

Ranar da na sauka Riyad abu biyu nake taƙama da su: fasfona da 'yar gudumar Babana da ke ƙasan jaka. Fasfon ko kwana bai yi a hannuna ba, tun a mota mutumin kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwana, ya miƙo hannu ya ce a ba shi ajiya. Gudumar kuwa ya jujjuya ta, ya yi dariya, ya mayar mini. Da ya san wadda ta fi tsada a wurina, ita zai riƙe.

Sunana Lawali, mutumin Damagaram. Gidanmu maƙeran fari ne, masu aikin azurfa, tun kakan kakana. Ejan da ya shirya mini tafiya ya rantse mini shagon ƙera azurfa da zinariya za a kai ni, har hoton shagon ya nuna mini a wayarsa, ga fitilu ga gilasai. Sai na tsinci kaina a Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu da gari, a wata masana'antar ƙofofi da tagogin alminiyam. Na tambayi mudir, wato manajan wurin, da 'yar Larabcin da na tsinta a hanya, ina azurfar? Ya nuna mini tulin alminiyam ya ce, "Wannan ma fari ne, sadik. Yalla." Wato, aboki, kama aiki.

Ejan nan na bar shi da Allah, ba labarinsa na zo bayarwa ba. Labarin munduwar wata tsohuwa ne, abu ɗaya da ya rage mata a duniya da take ganewa, wanda saura ƙiris in raba ta da shi da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya.

Watannin farko na sha wuya. Injin yanka ƙarfe yana ihu tun safe har yamma, ga zafin da ke dukan rufin kwano kamar an kifa maka tukunya. Hannuna da ya saba da wayar azurfa mai kaurin zare ya koma ɗaukar sanduna, ya yi kanta, yatsuna suka yi nauyi. In na dawo masauki sai in zauna ina kallonsu ina jin haushi, kamar su suka kawo ni. Abincin ma sai a hankali: shinkafa da kaza, kaza da shinkafa, har na fara mafarkin fura a tsaye.

Wanda ya hana ni haukacewa shi ne Ɗan'asabe, Bakano, direban motar kamfani, gadonsa na kusa da nawa. Tun da ya ji daga inda nake ya same ni. "Badamagare," in ji shi, "an ce ku jarumai ne, ga ka kana hawaye a kan tuwo." Ni kuma in ce masa Bakano ko a makabarta sai ya tambayi farashin likkafani. Haka muke yi kullum. Amma shi ne ya raka ni aka yi mini iƙama, wato katin zama, shi ya koya mini inda ake tsayawa da inda ake wucewa da sauri, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya dama mini kunun tsamiya a butar shayi. Ban san inda ya samo tsamiyar ba, ya ce ba ruwana.

Wata Juma'a ya ce in tashi in ga gari, kada in mutu ban san komai ba sai alminiyam. Ya sauke ni a Al-Murabba, wajen wata tsohuwar fada ta ginin ƙasa da gidan tarihi, ya ce zai dawo ɗaukata bayan la'asar. Na shiga gidan tarihin na ga kayan adon matan ƙauyen Larabawa na da, manyan mundaye da sarƙoƙi a bayan gilashi. Na fito ina yawo a layukan baya, ban san inda na nufa ba, sai na ji ƙara.

Wanda bai tashi a maƙera ba ba zai gane ba. Guduma a kan baƙin ƙarfe tsawa take yi. A kan azurfa kuwa magana take, a hankali, kamar mai lallashi. Na bi ƙarar nan har ƙofar wani ɗan shago da bai fi ɗakin kwanana ba. A ciki wani tsoho ne fari, siriri, da tabarau mai kauri, yana duƙe a kan 'yar uwar maƙera. Hannunsa na rawa. Sai ya ɗaga gudumar, ta yi ta kaɗawa a sama, sannan ya sauke ta da ƙyar.

Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni, bai dubi fuskata sosai ba, hannuna ya duba. Ya ce wani abu da ban gane ba. Sai kawai na ciro gudumar Baba daga aljihun jallabiyata, don ko masallaci da ita nake zuwa, na miƙa masa. Ya auna ta a tafinsa, ya shafa ƙotarta inda yatsun Baba suka cinye icen. Sannan ya jawo kujera da ƙafa ya ce, "Ijlis, ya ibni." Zauna, ɗana.

Sunansa Nadim, ana ce masa Abu Salim, ni kuma Ammu nake ce masa, wato baffa. Mutumin Sham ne, ya zo Riyad tun kafin a haife ni. Daga ranar duk Juma'a bayan masallaci ina shagonsa. Ba aikin kuɗi ba ne, ba ni da izinin yi wa kowa aiki sai kafilina, kuma shi ma ya sani. Zuwa nake in riƙe masa awartaki, in hura wuta, in ja waya, ya ba ni shayi da burodi mai za'atar, wani garin ganye mai ƙamshi, hannuna ya tuna abin da aka halicce shi dominsa. Ranar da yatsuna suka sake lanƙwasa zobe daidai, sai da na juya baya na share ido.

Aikinsa kuwa ya ɗaure mini kai. Mu a gida azurfa zane ake yi mata, a cika ta da ado, a goge ta har mace ta ga haƙoranta a ciki. Nasa ba zane ko ɗaya. Munduwa ce kawai mai faɗi ta lanƙwashe kamar ganyen rama, ko zobe mai dutse guda a gefe, ba a tsakiya ba. Kuma duk jikinsu sawun guduma ne, ɗigo-ɗigo, an bar shi a fili. A bango akwai wani tsohon hoto: samari da 'yan mata Turawa a wata maƙera, da wata dattijuwa a tsakiya, shi kuma yana gefe da gashi baƙi ƙirin. Ya sha nuna mini hoton yana bayani. Abin da na tsinta shi ne yana saurayi ya yi zama a wata ƙasa mai sanyi can arewacin Turai, ya koyi aiki a wurin matar nan, a zamanin da wasu maƙera suka ƙi injin suka koma hannu. Sauran bayanin ya bi iska, don Larabcina na masana'anta ne: kawo, kai, yi sauri, halas, wato an gama.

To ni sai na yanke wa kaina hukunci. Na ce tsufa ne. Ido ya tafi, hannu na rawa, ba ya iya ƙarasa gogewa, shi ya sa yake barin sawu. Kuma ban tambaya ba, don a gidanmu ba a tambayar wannan. Al'adar maƙerarmu ce: idan babba ya tsufa aikinsa ya fara karkacewa, yaro ba ya buɗe baki. Sai ya faki ido ya ɗauki aikin, ya daidaita, ya goge, ya mayar inda yake, babba ya miƙa wa mai kaya da sunansa. Na yi wa Babana haka shekaru kafin in taho. A wurinmu sawun guduma a jikin kayan da aka gama abin kunya ne, kamar mutum ya fita kasuwa da miya a gemu. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayi a kan kayan Ammu, ban dai sami sarari ba, kullum yana zaune.

Wata rana ya gayyace ni gidansa a Al-Nasiriya cin abincin rana. A nan na ga matarsa, Ummu Salim. 'Yar tsohuwa ce a kujera kusa da taga, da farin mayafi, fuskarta tas. Na gaishe ta ta dube ni ta yi murmushi. Mijinta ya kawo mata ruwa, shi ma ta dube shi ta yi masa irin murmushin da ta yi mini, ta ce, "Shukran, ya ustaz." Sai na gane. Ciwon mantuwa ne ya kama ta. 'Ya'yansu suna ƙasashen waje, in sun kira ba ta san su ba. Mijin da suka yi fiye da shekara hamsin tare ya koma mata wani malami mai kirki da ke kawo ruwa.

A hannunta na hagu akwai munduwar azurfa mai faɗi, ta yi duhu, duk jikinta lotse-lotse. Babban yatsanta na dama yana bin ta a hankali kamar mai jan carbi, ya zagaya, ya zo wani wuri kusa da baki ya tsaya, ya sake zagayawa. Ammu ya ce shi ya ƙera mata ta aure. Ya ce in ta rikice ta fara kuka tana neman gidan mahaifinta, sai ya ɗora yatsanta a kan munduwar, ta lafa. Da ita take cin abinci, da ita take barci.

Ba a daɗe ba munduwar ta tsage. Ta maƙale a hannun kujera, ta ja, ta yi tsaga har rabi, bakin yana yankar fata. Juma'ar da na zo na tarar da Ammu da ita a gabansa, ya kunna wuta ya kashe, ya kunna ya kashe. Hannun ya ƙi tsayawa. Ya ce tun jiya da ya cire mata ba ta ci komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ya ibni, za ka iya?" Na ce da izinin Allah. Ya ce zai koma gida ya zauna da ita, mai aikinsu ta kasa shawo kanta, in na gama in kulle in kawo masa. Ya ba ni makulli ya fita.

Wallahi ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na haɗa tsagar, na liƙe ta da sinadari, ko layi ba ka gani. Na sa magagari na daidaita wurin. Sai wurin ya fito sumul a tsakiyar lotse-lotsen nan, na ce a raina, Allah sarki, shekara hamsin tana bugun tukwane da ƙofofi, ga tsoho ba ƙarfin gyarawa. Yau ga ni ga sarari. Na bi ta gaba ɗaya da magagari, na bi da takardar gogewa. Akwai wani lotsi mai zurfi kusa da baki da ya ba ni wuya, sai da na buga shi ta ciki na taso da shi. Na aika aka sayo mini lemun tsami, na dafa ta da gishiri yadda muke yi a gida, na goge da toka. Ta fito fara fat, tana walƙiya, har ina ganin hancina a ciki. Na naɗe ta a hankici na tari mota ina jin kaina kamar ango.

Ammu ya buɗe hankicin a bakin ƙofa. Ya cire tabarau, ya shafa ta da yatsa gaba da baya. Ni kuwa gogan ina tsaye ina jiran yabo. Ya wuce ciki, na bi shi har ƙofar falo. Ya durƙusa ya sa mata a hannu, ya ɗora yatsanta a kai. Yatsan ya zagaya sau ɗaya, ya zame, bai sami inda zai tsaya ba. Ta zare ta ta ajiye a kan tebur da ladabi, ta ce, "Ba tawa ba ce, ya ustaz. Ku mayar wa mai ita." Sannan ta fara kuka a hankali tana shafa hannunta inda babu komai.

Ammu ya fito ya zaunar da ni, bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi mini magana kalma-kalma, yana nunawa da hannu, har na gane abin da na kasa ganewa wata da watanni. Sawun nan ba tsufa ba ne. Da gangan ake barinsa. Abin da dattijuwar hoton ta koya musu ke nan: inji ma yana iya yin sumul, amma sawun guduma shi ke nuna mutum ya zauna ya yi maka abu da hannunsa. Lotsin nan mai zurfi kuwa, wanda na sha wuya na tayar, kuskure ne na gaske. Yana cikin ƙera ta, ana saura kwana kaɗan biki, ta leƙo shagon, ya ɗaga kai, guduma ta kauce. Tun daga ranar take tsokanarsa: yaushe za ka gyara wurin nan? Shi kuma ya ce mata gobe. Shekara hamsin suna wannan wasa. A nan yatsanta yake tsayawa.

Na koma masauki ban san ta inda na bi ba. Ɗan'asabe ya ga fuskata, karon farko bai ce Badamagare ba, ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira gida. Na kira Baba. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake ce mini. Na zayyana masa komai. Sannan ya ce, "Kai, kana tsammani ban san kana gyara mini aiki ba? Ina sani. Ina jin daɗi na haifi ɗa. Amma wani lokaci in na ɗauki zoben sai in neme ni a ciki in rasa." Ya yi tari ya ce, "Ka koma wurin bawan Allah nan. Hannunka nasa ne har sai abin ya gyaru."

Washegari Asabar akwai aiki. Ɗan'asabe ya je ya tsaya wa mudir a kai, ban san ƙaryar da ya shirga ba, ya dawo ya ce in shiga mota, yau ni ɗan rakiyarsa ne. Ya ajiye ni a Al-Murabba da hantsi. Ammu yana shago, munduwar na gabansa, idonsa ja. Ya ce ruwa kawai ta sha. Ya ce azurfar ta yi siriri saboda gogewar da na yi, in aka buga da ƙarfi za ta huje, kuma shi ba zai iya ba. Na ce ni kuma ban san sawun ba, ban taɓa barin sawu a rayuwata ba.

Shi ya kawo dabarar. Muka gasa ta ta yi laushi, muka ɗora a kan ƙarfen lanƙwasa. Na riƙe gudumarsa, ya tsaya a bayana ya ɗora tafinsa a kan hannuna. Nawa ne ƙarfin da tsayuwar, nasa ne sanin wurin. In ya matsa yatsa in sauke, in ya ja in matsa gaba. Da farko muka yi ta karo, ni ina son jera sawun a layi kamar shukar gero, shi yana karkatar da ni. "La, la," yake cewa, wato a'a, "bar ta ta yi numfashi." Can sai na daina gardama na saki hannun. Ina jin rawar tafinsa tana ratsa ni har kafaɗa, ina jin numfashinsa a bayan kunnena, warin shayi da tsufa, irin na Baba. Muka bi ta daga wannan baki zuwa wancan. Ya shafa mata wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta yi duhu, ya goge saman da tsumma, duhun ya zauna a cikin ramukan.

Saura wuri ɗaya. Ya ɗauke hannunsa daga nawa ya karɓi gudumar. Na ce, "Ammu, za ta huje." Ya ce, "Riƙe mini ita kawai." Ya rufe ido, ya lalubi wurin da yatsa kusa da baki. Gudumar ta tashi tana kaɗawa a sama yadda na fara ganinta ranar farko. Ta sauka a karkace. Na duba. Lotsi ne mai zurfi, mummuna, bai huje ba.

Muka isa Al-Nasiriya bayan azahar. Tana nan a kujerarta, abinci a gabanta ya huce. Na tsaya a ƙofar falo. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa mata, ya ɗora yatsanta, ya janye nasa hannun. Yatsan ya fara tafiya. Ya yi jinkiri, ya koma baya, ya ci gaba, ina bin sa da ido ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya zo kusa da baki ya faɗa ramin. Ya tsaya.

Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta, ta ɗan ɓata fuska, ta ce, "Nadim, har yanzu ba ka gyara wurin nan ba?"

Ya ce, "Gobe, in sha Allah."

Ta ce, "Kullum gobe." Ta jawo farantin ta fara cin abincinta da sanyinsa.

Na fita tsakar gida na zauna a kan matakala, na rufe fuska da hular kaina. Da yamma ta sake ce masa ustaz, ya gaya mini daga baya, kuma bai damu ba. Ni dai har yau ina yanka alminiyam, Juma'a kuma ina Al-Murabba. Zoben farko da na ƙera a can daga farko har ƙarshe na ba wani mai komawa gida ya kai wa Baba, ban goge sawun ba. Ya kira ni ya ce maƙeran layinmu sun taru suna dariya, wai Saudiyya ta lalata masa ɗa, ko gama aiki ba ya yi. Na ce to ya ba ƙanena ya goge.

Ya ce, "Wa zai taɓa? Yana hannuna."